Gurguwar Waƙa

Tana kai baitin ƙarshe, mahaifinta ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Duk mai zuwa zaman marubuta a ɗakin bayan laburare ya san fassarar wannan: za a yi fiɗa. Shi ne shugaban ƙungiyar, kuma ba a karɓar kowa sai waƙarsa ta tsallake bakinsa. Ita kam sau uku yana mayar da ita gida da jan biro.

"Don kina 'yata ba zan rufa miki asiri ba," in ji shi. "Amsa-amon ya karye tun a baiti na biyu. Kuma wane mai hankali ne zai kwatanta idon masoyiya da fitilar mota? Mai irin wannan rubutu, a ƙwace masa alƙalami!"

Ta sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali dariya take dannewa. Sai ta zaro wata tsohuwar takarda daga cikin littafinta.

"Gaskiyarka, Baba. Sai dai ba tawa ba ce, a ƙasan akwatin Mama na tsinto ta. Ga sa hannunka nan, har da zanen zuciya."

Ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya turo mata rajistar ƙungiya.

"Sa hannu, ja'ira. Gurguwa ce, na yarda, amma ta kai ni inda za ni. Ba ga ki nan ba?"