Ƙararrawar da Ba Mu Kaɗa Ba

Shugabar kwaleji tana gama sanar da rushe ƙungiyar ƙwallonmu, sai ta kama igiyar ƙararrawar da ke bakin fili.

"Don girmama tarihinku," in ji ta.

Baƙuwa ce a wannan lungu na jihar Ohio. Ba wanda ya gaya mata cewa tun zamanin kakanninmu ba a kaɗa ƙararrawar sai ranar da aka ci wasa.

Tsohon kocinmu ya damƙe hannuna. "Yaro, je ka hana ta mana!"

"Da wace gwiwar, Koci? Ai duka biyun a filin nan na bar su."

Shekara huɗu na yi ina sa kwalkwalin ƙwallon Amurka, ina karo da ƙattai cikin laka da ƙanƙara. Ko wasa ɗaya ba mu ci ba. Duk Asabar mukan wuce ta ƙarƙashin ƙararrawar kai a sunkuye, Koci yana cewa, "Sai mako mai zuwa." Haka na bar garin, sai yau na dawo da furfura.

Ta ja igiyar. Ƙarar ta ratsa gonakin masara, manyan baƙi suka hau tafi.

Ashe haka muryar ƙararrawar take. Daɗi gare ta, la'ananniya.