Mai Sauraron Sama

Da ta shigo da kwanon abinci, ɗanta na zaune gaban na'urar da ya haɗa a gidansa na Gudu. Shekaru ke nan yana sauraron sararin samaniya, ko wasu halittu masu hankali za su yi magana. Har yau shiru.

Tun da ya dawo daga karatu ya bar sallah. "Hajiya, abin da ba ya aunuwa ban yarda da shi ba," in ji shi.

Yanzu ga shi ido rufe, tafuka a kunne, fuska gabas, yana jira.

Ta ɗaga ƙafa za ta gifta ta gabansa, sai ta fasa. Ta zagaya ta bayansa, ta zauna shiru tana jiran ya sallame.