Baturen da ke aljihun Baffa

Ina ɗan shekara goma na sa wa abokina Sani ƙafa muna ƙwallo a wata gona da aka girbe a Kunci, ya faɗi ya gurɗe. Da la'asar Baffa, ƙanen mahaifina, ya kira ni gindin ɗorawa. Na tabbata duka zan sha.

Maimakon bulala, sai ya zaro wata tsohuwar takardar jarida daga aljihu, duk ta sha maiƙo, tana ƙanshin ƙuli-ƙuli. Hoton wani siririn Bature ne da ƙwallo a ƙafarsa.

"Ɗan Ingila ne," in ji Baffa. "Har ya kai hamsin yana wasa. An sha shurinsa, amma alƙalin wasa bai taɓa yi masa ko gargaɗi ba."

Na sunkuyar da kai. "Baffa, ai Sani ne ya fara."

"Shi ma wasu ne suke farawa."

Ban jira an aike ni ba, na nufi gidan su Sani ina share hawaye.

Yau ni nake hura usur a wasan yaran unguwarmu, kuma har yanzu ban ga wanda ya kamo ƙafar Baturen nan a haƙuri ba, sai dai Baffa.