Shuwakar Baaba Tabawa

Tun shekarar da aka fara bai wa kowane mai ciwon suga tukunyar shuwaka wadda aka shuka da ɗigon jininsa, ɗaya tak a rayuwa, Baaba Tabawa ba ta sake ganin allura ba. Ganye biyu kullum, shi ke nan.

Ranar Talata ta rungumo tata har asibiti. Duk ganyen sun yanƙwane.

"'Yar nan, mutuwa za ta yi ko?"

Balaraba, ma'aikaciyar jinya, ta taɓa ƙasar tukunyar. "Baaba, a ina kike ajiye ta?"

"Ƙarƙashin gado. Maƙwabciyata ce ta yaba kyanta, ko tubarkalla ba ta ce ba. Sai na ɓoye abata."

Balaraba ta tuntsire da dariya. "Haba Baaba! Ba baki ba ne, rana take so. Kwana uku za ta miƙe."

Baaba ta sauke numfashi, har da ƙwalla.

Da ta koma gida, ta dire tukunyar a tsakar gida. Zuwa la'asar ganyen suka ɗago. Amma ba rana suka fuskanta ba. Duk inda Baaba ta gifta, can suke juyawa.