Na'urar Ruwa Tana Hanya

"Wata goma sha ɗaya, Kawu! Kullum tana hanya. A bayan kunkuru aka ɗoro ta?"

"Haƙuri dai, Tanimu. Mutanen nan ba sa cin amana."

Kawu Barau ne ya bi gida-gida har unguwa ta yi karo-karo, kamfani zai ƙera musu na'urar tatsar ruwa daga iska. Doka kuwa ta ce wanda ya sa suna a karo-karon ya fita daga layin famfon gwamnati. Yau ma Tanimu ya ɗora tafin hannunsa a kan famfon don ya tantance shi, famfo ya hana shi ruwa, ya ce, "Gidanku akwai na'ura."

Kawu ya sha'afa, ya ɗora nasa. Ruwa ya ɓarke cikin jarkarsa.

Tanimu ya daɗe yana kallon ruwan.

"Kawu, kai dama ba ka sa sunanka ba?"