Ƙofa Mai Neman Dalili

Tun da aka kafa Dokar Fita a Amurka, ƙofar gida ba ta buɗewa sai mutum ya faɗi inda za shi. Ta gidan su Barira a Shikago da muryar marigayiya mahaifiyarta take tambaya, haka hukuma ta saita ta.

"Ina zuwa, Barira?" in ji ƙofar.

"Fita kawai zan yi."

"Wannan ba dalili ba ne. Gargaɗi na biyu ke nan. A na uku za a kulle gidan kwana arba'in."

Mahaifinta, Malam Illo, tsohon direban tirela, ya ajiye kofin shayinsa. "Ke, ki ce kasuwa mana. Haka kowa ke cewa, ya tafi inda ya ga dama."

"Baba, shekara talatin kana ratsa ƙasar nan ba mai tsare ka da tambaya. Ka ce abin da ya zaunar da kai a nan ke nan. Yau kuma ƙarya za ka koya mini don in sha iska?"

"An ce don tsaronmu ne."

"In sai da ƙarya zan fita, ba fita na yi ba, sako ni aka yi."

Malam Illo ya miƙe. Sannan ya jawo akwatin kayan gyaransa, ya nufi ƙofar.

"Ina zuwa, Malam?" in ji muryar matarsa.

Ya fara kwance ƙusar farko ta jikin ƙofar. "Riƙe mini nan, Barira. Uwarki ba ta taɓa ce mini komai a bakin ƙofa ba sai a dawo lafiya."