Kibiyar Saƙar Inna

Da kibiya huɗu Inna take saƙa safa, tana zagayawa. Wata la'asar a gidanmu na Gummi, ta ajiye safar jaririn ƙanwarta, wanda za a yi sunansa washegari, ta shiga ɗaki salla. Na zare kibiya ɗaya na hau tsefe kaina. Kafin ta sallame, dunduniyar safar ta warware.

Ta ce, "Wa at taɓa min saƙa?"

Na rantse ban taɓa ba.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta cire kibiyar daga gashina.

"Laifina ne, ɗiyata. Ba a aje saƙa tsakiyar zagaye."

Ta zauna ta sake ɗaukar dunduniyar daga farko. Da dukana ta yi, da tuni na manta.